Inji Mai Bugu Biyu: Hanyoyin Gano Matsala da Gyaran Tsohon Babur

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san titunan Kano ko Zariya ko Jos a shekarun 1980 da 1990 ya san ƙarar babur mai bugu biyu, ya kuma san shuɗin hayaƙin da yake bari a bayansa. Vespa da Suzuki da Yamaha su ne suka fara cika hanya, daga baya Jincheng ta zo ta zama abin hawan 'yan acaɓa. A yau kuwa babura masu bugu huɗu, irin su Bajaj Boxer, su ne suka mamaye kasuwa, kuma da su yawancin yaran gareji suka koyi aiki. Wannan sauyi ya haifar da wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Tsohon babur mai bugu biyu, wanda yake iya ƙara shekaru yana aiki, sai ya faɗa hannun bakaniken da zai yi masa maganin da ya dace da wani inji daban, kafin mako ya zagayo inji ya buga.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda irin wannan inji yake aiki, da yadda ake bin diddigin ciwonsa har a kai ga tushe, domin mai babur ya san abin da zai nema da abin da zai ƙi amincewa da shi. An yi amfani da kalmomin da kanikawa suka saba da su, kamar fulogi da salansa da totur da boris. Inda babu kalmar da ta zauna, an bayyana abin da Hausa kai tsaye.

2.0 Asalin Injin a Taƙaice

Dugald Clerk, mutumin Sikotlan, shi ne ya yi rajistar inji mai bugu biyu a shekarar 1881. Sai dai sigar da babura suka gada ta fito ne daga aikin Joseph Day a Ingila, kimanin shekara goma bayan haka, inda ya mayar da ɗakin da karanshaf yake juyawa a ciki ya zama famfon tura mai da iska. A shekarar 1939 kamfanin DKW na Jamus ya fito da babur ɗin RT 125. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashe da dama suka kwaikwayi zanensa: daga gare shi aka sami BSA Bantam a Ingila a 1948, da Yamaha YA-1 a Japan a 1955. Vespa ta fito a Italiya a 1946 da nata tsarin. Suzuki AX100, wanda Jincheng ta ƙasar Sin ta yi ta ƙera irinsa, yana da faɗin silinda milimita 50 da tafiyar fistin milimita 50, wato sisi 98. Abin da ya kawar da waɗannan injuna daga masana'antu shi ne dokokin hana gurɓata iska, domin kuwa wani kaso na mai yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba.

3.0 Yadda Yake Aiki

Inji mai bugu huɗu yana buƙatar fistin ya yi tafiya huɗu kafin ya sami ƙuna ɗaya, kuma bawul ne suke buɗe masa hanya suna rufewa. Mai bugu biyu ba shi da irin wannan bawul. Tagogi ne a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa, kuma duk juyi ɗaya na karanshaf akwai ƙuna ɗaya. Ɗakuna biyu ne suke aiki a lokaci guda: ɗakin ƙuna a saman fistin, da ɗakin ƙasa inda karanshaf yake.

Idan fistin ya yi sama, yana matse haɗin mai da iska a ɗakin ƙuna, a daidai lokacin kuma yana barin gurbi a ɗakin ƙasa, wanda yake zuƙo sabon haɗi daga kafireto. Fulogi ya ba da wuta, haɗi ya kama, ƙarfin ƙuna ya tura fistin ƙasa. A hanyarsa ta sauka sai ya fara buɗe tagar hayaƙi, sannan ya buɗe tagogin hawa, ta inda haɗin da ya matse a ɗakin ƙasa zai haura ya kori sauran hayaƙi ya maye gurbinsa. Daga nan sai a sake komawa farko.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan tsari, kuma a kansu duk gyaran ya rataya. Na farko, tunda mai da iska suna ratsa ɗakin ƙasa, ba za a iya tara baƙin mai a cikinsa ba kamar yadda ake yi a mai bugu huɗu. Dole man shafawa ya bi fetur, ya shafi boris da fistin, sannan ya ƙone tare da shi. Baƙin man da ake zubawa a gefen inji na giya ne da kuloci kaɗai. Na biyu, ɗakin ƙasa famfo ne, famfon da ke yoyo kuwa ba ya aiki. Wannan batu na biyu shi ne wanda wanda ya taso da mai bugu huɗu ya fi mantawa.

4.0 Bin Diddigin Matsala

Idan babur ya ƙi tashi, abin da aka saba gani shi ne a kwance kafireto nan take. Wannan gaggawa ce. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara cire fulogi a karanta shi, domin shi kaɗai ne abin da yake zaune cikin ɗakin ƙuna kuma ake iya fito da shi cikin minti ɗaya. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne kamar na soyayyar gyaɗa, haɗin mai da iska daidai yake. Idan baƙi ne a jiƙe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Idan a bushe yake ƙayau bayan an buga kik sau goma, mai ba ya zuwa. Idan kuwa fari ne fat, ko ga ɗigo-ɗigon sanholo a jikinsa, to inji yana zafi fiye da ƙima, kuma bai kamata a sake hawa babur ɗin ba sai an gano dalili.

4.1 Wuta

Ana mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina jikinsa da kan silinda nesa da ramin fulogi da duk wani ɗigon fetur, a buga kik. Tartsatsi mai ƙarfi shuɗi ne, yana ƙara kaɗan. Ja ko ɗorawa mai rauni yana iya bayyana a sarari amma ya kasa ƙetare tazara a cikin matsi. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.6 ne zuwa 0.7. Sannan ba kowane fulogi yake shiga kowane inji ba, ko da zarensa ya yi daidai. A lambobin NGK, yawan lamba sanyin fulogi: mai lamba 8 ya fi mai lamba 6 saurin zubar da zafi. Fulogi mai zafi a injin da ke doguwar tafiya yana iya kunna mai kafin lokaci har ya huda kan fistin. Mai dogon zare kuwa a kan silinda mai gajeren rami yana iya taɓa fistin.

Tsofaffin babura suna amfani da kwantak da kwandensa a bayan magnito. Tazarar kwantak idan ya buɗe sarai takan kasance milimita 0.3 zuwa 0.4. Ƙafarsa tana gogayya da kam kullum, tana cinyewa, tazara tana raguwa, wuta tana makara. Shi ya sa babur yakan yi ta rasa ƙarfi a hankali ba tare da mai shi ya san ranar da abin ya fara ba. A da yawa daga cikin ƙananan injunan Japan kwantak yana buɗewa ne lokacin da ya rage wa fistin kimanin milimita 2 ya kai ƙololuwa, amma kowane inji da nasa adadin, kuma alamar da ke jikin magnito ita ce abin bi. Tsofaffin kanikawa sukan saka siririyar takarda a bakin kwantak, su juya magnito a hankali, inda takarda ta saki nan ne wuta take fita.

Kwandensa da kwayil suna da wata ɗabi'a mai ruɗarwa: suna aiki da sanyi, su gaza da zafi. Babur ya tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar minti ashirin ya mutu, ya huta ya sake tashi. Da yawa sukan ɗora laifin a kan mai, alhali da an gwada tartsatsi a daidai lokacin da ya mutu da an ga babu. Haka kuma ɗan ƙaramin makullin ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke riƙe magnito a kan karanshaf yana iya karyewa idan ba a ɗaure noti da kyau ba. Wuta za ta ci gaba da fita, amma ba a kan lokaci ba, sai babur ya riƙa harbi ta salansa ko kik ya riƙa dawowa yana dukan ƙafa.

4.2 Mai da Iska

Babur ɗin da ya daɗe a ajiye kusan kullum yana da matsala a nan. Fetur yana bushewa ya bar danƙo, tanki yana tsatsa, kuma ramin jet ɗin silo bai fi tsinin allura ba. Alamar toshewarsa ita ce babur ya tashi da cok amma ya mutu da zarar an cire. Ana wanke jet ne da man wanki da iska mai ƙarfi. Tura waya a cikinsa yana faɗaɗa ramin, daga ranar kuma babur zai riƙa shan mai ba gaira ba dalili. Wanke kafireto ba tare da wanke tanki ba kuwa aikin baban giwa ne.

Kafireto yana da matakai uku, kuma sanin matakin da matsala take bayyana yana taƙaita bincike. Daga silo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur, jet ɗin silo da sukurun iska ne suke iko. Sukurun iska akan fara shi ne daga juyi ɗaya da rabi bayan an rufe shi a hankali. Tsakiyar totur ta allura ce, wadda take da tsaga-tsaga a samanta: idan aka sauko da kilif ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ƙarshen totur na babban jet ne. Inji mai yawan mai yana tsallake ƙuna, ƙararsa ta zama burbur, hayaƙi ya yi yawa. Mai ƙarancin mai kuwa ƙararsa tana daɗi, yana ɗaukar wuta da sauri, kuma a nan haɗarin yake. Fetur ɗin da ke shiga shi ne yake sanyaya fistin, shi ne kuma a injin da ake gauraya wa mai yake ɗauko man shafawa. Yawan mai asarar fulogi yake jawowa, ƙarancinsa kuwa asarar fistin da silinda.

Wurin da babur yake aiki ma yana da tasiri. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sauƙi, saboda haka jet ɗin da ya yi daidai a bakin teku zai ɗan yi yawa a can. Wanda aka rage wa jet a kan tudu, idan ya gangaro ƙasa, zai koma cikin ƙarancin mai. Batun filta kuwa ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san ƙurar hunturu. Cire shi domin inji “ya sha iska” yana rage mai a haɗi, yana kuma shigar da yashi kai tsaye cikin boris ɗin karanshaf, tunda ta ɗakin ƙasa iska take bi.

4.3 Matsi da Yoyon Ɗakin Ƙasa

Matsin ɗakin ƙuna ana jinsa a ƙafa tun kafin a auna. Idan akwai ma'auni, lafiyayyen inji yakan wuce bar 7 idan aka buga kik totur a buɗe. Ƙasa da haka sosai yana nuna zoben fistin sun cinye, ko kunkunniya ta maƙale su a cikin tsagarsu, ko gasket ɗin kai yana yoyo.

Amma inji yana iya samun matsi mai kyau a sama ya kuma ƙi aiki, saboda ɗakin ƙasa yana yoyo. A kowane gefe na karanshaf akwai robar sil da take hana iska shiga. Roba ce, kuma robar da ta shekara talatin ta bushe ko da babur bai yi tafiya ba. Sil biyun ba ciwo ɗaya suke kawowa ba. Na gefen magnito idan ya lalace iska yake zuƙowa: silo ya ƙi zama, a saki totur inji ya daɗe yana ihu kafin ya sauko, fulogi ya yi fari, wani lokaci a ga danshin mai a bayan magnito. Na gefen kuloci kuwa baƙin man giya yake zuƙowa: hayaƙi fari mai kauri da wari daban, fulogi yana jiƙewa kullum, man giya yana raguwa ba tare da an ga ɗigonsa a ƙasa ba.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kashe tsofaffin babura. Bakanike ya ga silo ba ya zama, sai ya murɗa sukurori har inji ya lafa, ya karɓi kuɗinsa. Mai babur ya tafi yana murna, domin babur ya ma fi da gudu. Yoyon yana nan, kuma yana ƙaruwa idan inji ya yi zafi. A kan doguwar hanya, totur a buɗe, fistin ya kumbura ya kama jikin silinda, tayar baya ta tsaya cak. Wanda ya sami kansa a wannan hali ya kama kuloci nan take, domin shi ne zai saki taya kafin babur ya kayar da shi. A ganina, duk bakaniken da ya taɓa sukurun kafireto na tsohon inji kafin ya tabbatar da lafiyar sil bai gama binciken da aka biya shi ya yi ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ana toshe hanyar shiga da ta hayaƙi, a hura iska kaɗan, kimanin bar 0.4, a ga ko ma'auni zai tsaya na 'yan mintuna. Idan yana sauka, sai a shafa ruwan sabulu a sil da gasket ɗin gindin silinda da robar wuyan kafireto da tsagar da ta haɗa ɓangarorin inji, inda kumfa ta taso nan ne ƙofar. Idan an sami sil ya lalace, a kama ƙarshen karanshaf a jijjiga sama da ƙasa. In yana motsi, boris ne ya cinye, shi ya kashe sil ɗin, kuma sabon sil ba zai yi wata guda ba sai an canza boris tare da shi.

5.0 Man Shafawa

Hanya biyu ake kai wa inji man shafawa. Ta farko ita ce a gauraya shi da fetur a tanki. Yawancin Vespa masu bugu biyu na ƙarshe-ƙarshe kashi 2 cikin 100 suke so, wato mililita 20 a kowace lita, yayin da wasu tsofaffin injuna suke buƙatar mililita 40 ko 50. Awon ido, ko “murfi biyu”, ba awo ba ne. Wanda ya rage ya ƙona boris, wanda ya zabga kuma ya cika salansa da kunkunniya. Akwai kuma wata ɗabi'a da take cutar da irin wannan inji: gangara mai tsawo a cikin giya totur a rufe. Inji yana juyi da sauri, fetur ba ya shiga, saboda haka man shafawa ma ba ya shiga. Maganinta shi ne a riƙa ɗan buɗe totur lokaci-lokaci.

Hanya ta biyu ita ce famfo, wanda Yamaha ta fito da shi a 1964 da sunan Autolube, Suzuki kuma take kiran nata CCI. Famfon yana ƙara mai gwargwadon juyin inji da buɗin totur. Da wuya shi kansa ya lalace. Abin da yake faruwa shi ne tankin mai ya ƙare iska ta shiga tiyo, ko wayarsa ta saki alamomin saiti suka kauce, ko tiyo ya tsage. Bayan duk wani aiki da ya taɓa shi dole a buɗe sukurun fitar da iska har mai ya fito ba kumfa. Al'adar cire famfo gaba ɗaya a koma gauraye tana da haɗari, domin a wasu injunan Suzuki famfon ne yake kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf.

Irin man ma abin dubawa ne. Baƙin man mota an yi shi ne domin ya zauna a inji, ba domin ya ƙone ba, yana barin toka da take maƙale zobe. Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta 2T a jikinsa, tare da ma'aunin JASO: FB ko FC ko FD. Biyun ƙarshe sun fi ƙarancin hayaƙi da datti.

6.0 Salansa da Buɗe Silinda

A wannan inji salansa ɓangare ne na aikin ƙuna. Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya shahara da amfani da siffar bututun hayaƙi wajen mayar da haɗin da ya tsere cikin silinda, ilimin da ya isa Suzuki bayan matuƙinsa Ernst Degner ya gudu a 1961. Ko da ƙaramin babur na yau da kullum bai kai na tsere ba, fasa salansarsa ko cire hanjinta yana sauya yadda inji yake numfashi, kuma sau da yawa ƙara ce kawai take ƙaruwa. Toshewarta kuwa tana sa babur ya tashi lafiya, ya yi silo lafiya, amma ya kasa wuce rabin gudunsa. Ana zare hanjin a ƙona shi a kakkaɓe, a kankare tagar hayaƙi da abu mai laushi fistin yana can ƙasa.

Idan ya zama dole a buɗe silinda, jikin fistin yana ba da labarin abin da ya faru. Gogewa a ɓangaren hayaƙi zafi ne da ƙarancin mai. Zane-zane a ɓangaren shiga ƙura ce. Rami a kai kuwa wuta ce ta riƙa fita da wuri. Wanda ya sa sabon fistin bai gyara dalilin ba zai sake sayen wani. Ana saka sabon zobe a cikin silinda a auna tazarar bakinsa, wadda a ƙananan injuna takan kama daga milimita 0.15 zuwa 0.35. Idan silinda ya cinye sai a ƙara masa faɗi zuwa girman fistin na gaba, 0.25 ko 0.50 har zuwa 1.00, sannan a dasashe kaifin bakin tagogi, in ba haka ba za su karya zobe. A cikin tsagar fistin akwai ɗan ƙaramin tsinke da bakin kowane zobe yake zama a kansa domin kada ya juya ya faɗa taga. Kibiyar da ke kan fistin tana fuskantar salansa. Kilif ɗin da ke riƙe sandar fistin sabo ake sawa, kuma a toshe bakin ɗakin ƙasa da tsumma kafin a taɓa shi, domin idan ya faɗa ciki ya ɓace sai an raba inji biyu. Bayan an haɗa, kilomita 500 na farko ana yin su ne ba tare da wuce rabin totur ba, ana tsayawa ana barin inji ya huce, sannan a sake cire fulogi a duba launinsa.